Ganye, Alminiyum da Ruwan Sha: Yadda Ake Haɗa Garin Nano Mai Kama Guba a Ruwa

Idan kana yawan bibiyar labaran kimiyya a wayarka, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da labarin cewa masana sun yi amfani da ganyen itace sun haɗa wani gari mai tsarkake ruwa ba. Yau a ce ganyen darbejiya ne, gobe a ce na shayi, jibi a ce ɓawon 'ya'yan itace. Labari ne mai daɗin ji, musamman ga waɗanda ruwan sha ke ba su wahala, kuma ba kaɗan ba ne. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum biliyan 2.2 ne ba su da ingantaccen ruwan sha da za su dogara da shi.

Ɗaya daga cikin irin wannan gari shi ne na alumina, wato sinadarin da ke samuwa idan alminiyum ya haɗu da iskar oksijin. A yau za mu duba mene ne shi, wane aiki ganye ke yi wajen haɗa shi, yaya yake kama guba, sannan me ya rage kafin ya baro ɗakin gwaje-gwaje ya iso gidajenmu. Tun daga farko ga inda zancen ya dosa: fasahar gaskiya ce, amma aikinta keɓantacce ne, wato kama sinadaran da suka narke a ruwa waɗanda tacewa da tafasawa ba sa iya cirewa. Ganye kuwa mataimaki ne wajen haɗa garin, ba shi ke tsarkake ruwan ba.

Alumina na nan a tafin hannunka

Sunan zai iya yi maka baƙo, amma abin ba baƙonka ba ne. Masana na rubuta shi da Al2O3, ma'ana ƙwayar zarra biyu ta alminiyum da uku ta oksijin. Duk tukunyar alminiyum da ke gidanku tana da wani siririn lulluɓi na alumina da ido ba ya gani, wanda ke samuwa da kansa da zarar ƙarfen ya sha iska. Shi ne ke hana ta cinyewa irin yadda tsatsa ke cin baƙin ƙarfe.

Wayoyi ma haka. Murfin kyamarar iPhone, tun daga iPhone 5 da ta fito a 2012, da saffaya aka yi shi, saffaya kuwa alumina ce da ta daskare ta zama dutse mai kama da gilashi. A ma'aunin taurin duwatsu tana da maki 9, daimon na da 10, shi ya sa makulli ko kwabo ba sa yi mata zane. Jan yaƙutu ma alumina ce, ɗan kuromiyum da ya shiga cikinta ne ya ba ta launin.

Misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne launin jikin waya. Wayar da aka yi gangar jikinta da alminiyum, mai ruwan zinari ko shuɗi ko ja, yawanci ba fenti aka shafa mata ba. Ana tsoma ƙarfen a ruwan asid a sa masa lantarki, sai lulluɓin alumina ya yi kauri, ya kuma cika da ƙananan ramuka. Daga nan a tsoma shi a rini, ramukan su sha, sannan a toshe bakinsu. Ka riƙe wannan hoton a ranka: alumina mai ramuka tana kama abin da ke cikin ruwa ta riƙe. Halin da ya ba wayarka launi shi ne ake son mora wajen tace ruwa.

Me ake nufi da nano?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayar da girmanta ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100 ita ake kira ƙwayar nano. Kalmar ce dai kake gani a tallan wayoyi idan an ce masarrafar waya kaza ta nanomita 4 ce ko 3, ko da yake a can lambar ta fi zama sunan zangon fasaha a kan ainihin awo.

To me ya sa ake son abu ya ƙanƙance haka? Amsar tana ga faɗin fuska. Gubar da ke ruwa a bayan ƙwaya take maƙalewa, saboda haka iya yawan fuskar da ruwa ke taɓawa, iya yawan gubar da za a kama.

Ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, kusan girman ƙwayar sukari. Fuskokinsa shida ne, faɗinsu duka murabba'in santimita 6. Idan aka daddatsa shi zuwa ƙananan dunƙulaye masu nanomita 10, nauyinsa ba zai canza ba, amma jimillar fuskokin za ta kai murabba'in mita 600. Wannan ya fi fuloti guda mai ƙafa 50 sau 100, wanda bai wuce murabba'in mita 465 ba. Alumina mai ramuka da ake sayarwa don tace ruwa kan kai murabba'in mita 200 ko fiye a giram ɗaya. Ke nan giram 36 kacal na ɗauke da fuskar da ta kai faɗin filin ƙwallon ƙafa.

Dattin ruwa iri uku ne

Kafin a yaba wa magani, a san ciwon. Abin da ke ɓata ruwa ya kasu gida uku, kowanne da maganinsa.

Na farko laka da ƙura, masu sa ruwa ya gurɓace ido na gani. Maganinsu tsoho ne: alif, wanda wasu ke kira alam, yana dunƙule lakar ta kwanta a ƙasa. Garin 'ya'yan zogale ma na yin wannan aiki, kuma matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna amfani da shi tun kafin masana su bincika dalili.

Na biyu ƙwayoyin cuta, masu kawo kwalara da taifot da gudawa. Maganinsu tafasawa ko sinadarin kulorin.

Na uku, wanda shi ne abin da ya dame mu a nan, sinadaran da suka narke. Ruwan zai fito garau, ba wari, ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, ko arsenik, ko dalma. Ƙyallen tacewa ba ya tare su. Tafasawa ba ta cire su, hasali ma ƙara musu ƙarfi take yi, domin ruwan ne ke tashi a tururi, sinadarin ya zauna a tukunya.

Fuloraid kaɗan yana kare haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan sha. Idan ya wuce, haƙoran yara kan yi dabbare-dabbare su koma ruwan ƙasa. Idan ya yi yawa ƙwarai aka kuma daɗe ana sha, sai ya shiga ƙashi. A ƙasa mai zafi irin tamu haɗarin ya fi yawa, domin mun fi shan ruwa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A garin Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi da aka shafe shekaru ana sha ya ninka wancan ma'auni fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. An kuma san matsalar fuloraid a Kaltungo ta Jihar Gombe, da Langtang ta Jihar Filato, da gundumar Bongo a arewacin Gana. A duk waɗannan wurare daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin ke narkowa, ba wani ne ya zuba ba. Irin haka ta faru da arsenik a Bangaladesh, inda a farkon shekarun 1990 aka gano cewa rijiyoyin famfo da aka haƙa don guje wa kwalara suna shayar da miliyoyin mutane guba.

Akwai kuma wanda hannun ɗan Adam ke jawowa, kamar ruwan rini da na jima da ke fitowa daga masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, ɗauke da launi da kuromiyum.

Amfani da alumina wajen cire fuloraid ba sabon abu ba ne. Garin Bartlett da ke jihar Texas a Amurka ya fara tace ruwan famfonsa da ita tun 1952. Abin da ake nema yanzu shi ne a ƙara mata faɗin fuska ta hanyar ƙanƙantar da ƙwayoyinta, a kuma haɗa ta ba tare da sinadarai masu haɗari ko tsada ba. A nan ganye ya shigo.

Yadda ake haɗa garin

Tushen alumina a masana'antu shi ne wata jar ƙasa da ake kira boksait, wadda ƙasar Gini ta fi kowa arzikinta a duniya. Ana sarrafa ta da hanyar da masanin sinadarai ɗan Ostiriya, Karl Josef Bayer, ya ƙirƙiro a wajajen 1888, inda ake dafa ƙasar da soda mai ƙarfi. Don samun ƙwayoyin nano kuwa, akan fara ne da gishirin alminiyum, a narkar da shi, a zuba wasu sinadarai na masana'anta da za su hana ƙwayoyin girma da haɗewa. Waɗannan ƙarin sinadaran ne ake son ganye ya maye gurbinsu.

Tunanin ya samo asali daga tafiyar da ake kira koren ilimin sinadarai, wadda Paul Anastas da John Warner suka tsara mata ƙa'idoji 12 a 1998, ciki har da rage shara da guje wa abubuwa masu guba. A 2004 masu bincike a birnin Pune na Indiya suka nuna cewa ruwan ganyen darbejiya na haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da zinari. Daga nan aka shiga gwada wasu ƙarafa. A 2013 an haɗa alumina da ruwan shayi da na kofi, a 2015 kuma da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa a shayi, duka a Indiya.

Matakan kusan iri ɗaya ne a yawancin bincike:

1. A wanke ganye, a shanya, a daka.
2. A dafa garin a tataccen ruwa, yawanci a zafin digiri 60 zuwa 80, sannan a tace. Abin da zai fito kamar baƙin shayi yake.
3. A narkar da gishirin alminiyum, galibi nau'in naitiret, a wani mazubi.
4. A haɗa su a hankali ana juyawa, a daidaita tsamin haɗin, har ya kama jiki ya yi kamar kunu ko ƙulli.
5. A raba ƙullin da ruwa da na'ura mai juyawa da gudu, a wanke, a busar.
6. A gasa shi a murhun ɗakin gwaji na sa'o'i, a zafin digiri 500 zuwa 800 ko fiye.

Bayan haka sai awo. Na'urar XRD ta faɗi irin tsarin da ƙwayoyin zarra suka jeru, madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ya nuna girma da siffa, wani gwajin kuma da ake yi da iskar naitirojin ya auna faɗin fuska. In ba a yi wannan awon ba, babu mai ikon cewa abin da ya haɗa nano ne. Farin gari dai farin gari ne a ido.

To, mene ne ainihin aikin ganyen?

A nan ne labaran intanet suka fi rikita mutane. Ganye ba ya samar da alminiyum. Alminiyum daga gishirin yake zuwa, gishirin kuwa daga masana'anta.

Ruwan ganye na ɗauke da sinadarai irin su tanin, wanda ke sa shayi mai ƙarfi ko goro ɗaure baki, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Akwai kuma sukari da asid iri-iri. Waɗannan sinadarai na kama ƙwayoyin alminiyum da ke yawo a ruwa, su kewaye su. Idan ƙwaya ta fara samuwa, sai su lulluɓe ta, su hana ta ci gaba da girma, su kuma hana ta mannewa da 'yar'uwarta. Kamar dai yadda mai fura ke birgima kowane dunƙule a gari don kada su haɗe a ƙwarya.

Akwai bambanci tsakanin alumina da azurfa ko zinari. Wajen haɗa waɗancan, ruwan ganye na sauya gishirin ya koma tsantsar ƙarfe. Alminiyum ba ya yarda da haka, domin ƙawancensa da oksijin ya fi ƙarfin abin da ganye zai raba. Yadda cajinsa yake a cikin gishiri haka yake fita a alumina. Saboda haka a nan aikin ganye tsare girma da siffa ne kawai.

Sannan a matakin gashi, yawancin abin da ganyen ya bari yana ƙonewa ya tashi. Tashin nasa ma na da amfani, domin yana barin ramuka a jikin garin. Amma abin da ya rage a ƙarshe alumina ce, ba maganin gargajiya ba. Duk amfanin da ka sani na darbejiya ko zogale ga lafiya ba ya biyo garin.

Zafin gashin shi ma abin lura ne. A digiri 500 zuwa 800 ana samun nau'in da ake kira gamma, mai yawan ramuka, wanda shi ake so don tace ruwa. Idan aka wuce digiri 1,100, sai ta rikiɗe ta koma nau'in alfa, irin na saffaya: tauri ya ƙaru, ramuka su rufe, faɗin fuska ya ragu ƙwarai. Wanda ya dace da kyamarar waya bai dace da randa ba.

Yadda take kama guba

Kowa ya san batir na da ɓangaren fozitif da na negatif, kuma caji mabambanta ne ke jan juna. Sinadaran da suka narke a ruwa su ma suna ɗauke da caji. Fuloraid negatif ne, haka nau'in arsenik da aka fi samu a ruwa mai iska. Dalma kuwa fozitif ce.

Fuskar alumina tana sauya caji gwargwadon yanayin ruwa. Ma'aunin pH ne ke nuna wannan yanayi: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Muddin ruwa na ƙasa da pH 8 zuwa 9, fuskar alumina na zama fozitif, sai ta jawo fuloraid. Bayan ja, akwai musaya: fuloraid na ture wani ɓangare na fuskar ya zauna a gurbinsa, ya ƙulle da alminiyum kai tsaye. Shi ya sa riƙon ke da ƙarfi. Aikin ya fi kyau a pH 5.5 zuwa 6. Idan ruwan ya karkata ɓangaren kanwa, kamun fuloraid na raguwa, na ƙarafa irin su dalma kuma ya ƙaru.

Guraben kamun suna da iyaka, kamar ma'adanar waya. Idan suka cika, gubar za ta riƙa wucewa, ruwan kuma zai ci gaba da fitowa garau ba tare da wata alama ba. Ana iya farfaɗo da garin ta hanyar wanke shi da soda irin ta haɗa sabulu, sannan a bi da ruwan asid, amma kowane wanki na rage masa ƙarfi.

Ga ɗan lissafi don a ga muhimmancin ƙarfin kamu. Mu ƙaddara ruwan wata rijiya na da miligiram 5 na fuloraid a lita, ana so a sauko da shi 1.5. Za a cire 3.5 ke nan a kowace lita, wato miligiram 87.5 a jarka mai lita 25. In giram ɗaya na gari na kama miligiram 2, jarka guda za ta cika giram 44. In aka samu garin da ya ninka wannan sau goma, giram 4 da ɗoriya ya wadatar. Wannan tazara ce ke sa masana bin sawun nano, domin ita ke nuna ko matata za ta yi sati ko za ta yi watanni kafin ta gaji.

Abin da ya hana shi isowa kasuwa

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai matsaloli na zahiri da ke tsakanin kwalbar gwaji da randar gida.

Na ɗaya, ruwan gwaji ba ruwan rijiya ba ne. Yawancin bincike ana yin sa ne da tataccen ruwa da aka zuba wa guba guda ɗaya. Ruwan rijiya kuwa cike yake da wasu sinadarai masu cajin negatif, irin su baikabonet da fosfet, waɗanda ke rububin gurabe da fuloraid. Garin da ya yi bajinta a ɗakin gwaji zai iya yin ƙasa sosai a ƙauye.

Na biyu, ƙanƙantar da ta zama alheri ita ce kuma matsala. Idan ka zuba garin nano a ruwa, ta yaya za ka kwashe shi? Matatar ƙyalle ba ta tare shi. In ka cusa shi a bututu, sai ya toshe hanyar ruwa. In an bar shi, ƙwayoyin kan dunƙule, faɗin fuska ya ragu. Shi ya sa ake gwada manna shi a jikin yashi ko gawayi ko tukunyar yumɓu, ko a ɗaure shi cikin ƙananan ƙwallaye, ko a haɗa shi da garin ƙarfe don a janye shi da maganaɗisu.

Na uku, alminiyum kansa na iya narkewa ya bi ruwan idan tsami ko kanwa suka yi yawa. Ma'aunin da gidajen ruwa ke bi shi ne kada ya wuce miligiram 0.2 a lita. Babu riba a cire guba a bar wata matsalar.

Na huɗu, ganye ba ya zama iri ɗaya. Darbejiyar damina ba ɗaya take da ta rani ba, ta Sakkwato ba ɗaya take da ta Jos ba. Idan sinadaran ganye suka canza, girman ƙwayoyin ma ya canza. Masana'anta kuwa tana son abin da za ta haɗa yau ya zama daidai da na baɗi.

Na biyar, kalmar kore da ake laƙaba wa hanyar tana buƙatar awo. Ganye ya maye gurbin wasu sinadarai, gaskiya ne. Amma har yanzu sai an haƙo alminiyum, sai an kunna murhu mai zafin ɗaruruwan digiri na sa'o'i, gishirin naitiret kuma na fitar da hayaƙi mai cutarwa yayin gashi. A inda lantarki ke da tsada, wannan mataki kaɗai zai iya cinye ribar da ganyen ya kawo.

Na shida, ina za a kai garin da ya cika da guba, da ruwan da aka wanke shi da shi? In aka watsar a bola, ruwan sama zai mayar da shi ƙasa.

Inda dama take

Duk da haka, fagen a buɗe yake ga ɗaliban kimiyya da injiniya na yankinmu. Ganye muna da shi. Tushen alminiyum ma ba lallai ya zo daga waje ba: farar ƙasa na ɗauke da shi, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun fitar da alumina nau'in gamma daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A 2017 an nuna a Jami'ar Queen's da ke Belfast cewa ana iya samun alumina mai inganci daga tsohuwar takardar alminiyum ta naɗe abinci.

Binciken da zai fi amfani yanzu ba na gano ganye na ɗari da ɗaya ba ne. Wanda ake buƙata shi ne wanda zai ɗebo ruwan rijiyar Kaltungo ko ta Tibiri, ya ratsa shi ta matata na tsawon watanni, ya faɗi ranar da ta gaji, ya auna alminiyum da ya bi ruwan, sannan ya lissafa kuɗin kowace jarka ya gwada da na tsohuwar alumina da ta gawayin ƙashi, wanda ake tace fuloraid da shi a Kenya da Habasha.

Masu ilimin manhaja su ma suna da gurbi, domin babbar matsalar ita ce awo. An riga an yi manhajoji irin su Akvo Caddisfly, wadda ke amfani da kyamarar waya ta karanta launin da ruwa ya koma bayan an ɗiga masa sinadarin gwaji, ta faɗi yawan fuloraid.

Abin da za ka riƙe

Kada ka gwada haɗa wannan gari a gida, kuma kada ka zuba garin da ba ka san asalinsa ba a ruwan sha don an rubuta nano ko na ganye a jikin kwalinsa. Tambayi mai sayarwa abu uku: wace guba yake cirewa, lita nawa yake tacewa kafin ya gaji, kuma wace hukuma ta tantance shi.

Ka sani cewa ɗan alƙalamin awon ruwa na TDS da ake tallatawa a intanet jimillar gishirin ruwa kawai yake kintata. Ba ya gane fuloraid ko dalma ko ƙwayar cuta. Lamba ƙarama a allonsa ba shaidar lafiyar ruwa ba ce.

Alumina ba ta maye gurbin tafasawa ko kulorin. A lokacin kwalara, waɗannan su ne kariya.

In kuwa ka lura yawancin yaran unguwarku ko ƙauyenku haƙoransu na da dabbare-dabbare ko sun yi ruwan ƙasa, kada a tsaya ga zargin rashin goge baki. A ɗebi ruwan rijiyar a kwalba mai tsafta, a kai hukumar ruwa ta jiha ko sashen ilimin sinadarai na jami'a mafi kusa, a nemi a auna fuloraid. Tabon da ya riga ya hau haƙori ba ya gogewa da sauya ruwa, amma ƙannen da ke tasowa za a iya kare su.